Yadda Kawu Ya Cika Shafin Godiya

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba, bai kuma taɓa jin cewa hakan naƙasa ce ba. Shi ne mai kamfanin, ni ne ma'aikaci. Kafin nan taki da maganin feshi yake sayarwa a kasuwar Wunti da ke nan Bauchi, kuma ya iya, wannan ban taɓa yi masa musu ba. Wata rana ya je wani taro ya ji ana cewa duniya ta koma cikin waya, sai ya dawo da zafinsa ya kama ɗakuna a saman wani shagon kayan gyaran mota, ya sa aka buga allo da sunan kamfani cikin Turanci mai tsawon gaske. Sannan ya aika a kira ni daga unguwar Gwallameji, inda nake gyara wa ɗalibai kwamfuta ina jiran aikin gwamnatin da har yau bai zo ba. A gida Kawu nake ce masa. A ofis ya kafa dokar a ce Yallaɓai, kuma idan na manta sai ya yi kamar bai ji ba har sai na gyara.

Mu biyu ne ma'aikatan. Ni nake rubuta abin da ke tafiyar da manhajar, wato kod a bakin 'yan sana'a. Ta biyun 'yar mai shagon ƙasa ce, 'yar Kudu amma haifaffiyar unguwar Yelwa, ita ke zana fuskar manhajar, launi da maɓallai da inda rubutu zai zauna. Kawu yana ce mata Madam duk da ya haifi sa'arta, ita kuma tana ce mini Malam. Aikin da Kawu ya samo mana shi ne manhajar malaman gona. Su shiga ƙauyuka da waya, su rubuta gonar wane ce, me ya shuka, wace cuta ta kama ta, su ɗauki hoto, idan sun dawo inda akwai sabis sai bayanan kowa su haɗu wuri guda. Tunanin mai kyau ne, kuma nasa ne. Kawu ya san manoma, ko ba komai ya daɗe yana sayar musu da taki.

Akwai abin da wanda ba ɗan sana'ar nan ba bai cika sani ba. Babu mai ƙera manhaja shi kaɗai tun daga tushe, kamar yadda magini ba ya fara gini da haƙo ƙarfen rodi daga ƙasa. Mutane ne barkatai a duniya suka rubuta gutsattsari suka baza a intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Wani ya rubuta mai nuna taswira, wani mai matse hoto don kada ya cinye data, wani mai kulle bayanai kada ɓarawo ya karanta. Kai naka ka ɗauko ka harhaɗa, ka rubuta abin da ya rage. Kowane gutsure yana tafe da lasisinsa, ɗan rubutu ne, kuma waɗanda muka ɗauka maganarsu kusan ɗaya ce: ɗauki, yi amfani, gyara, ka sayar ma idan ka ga dama, amma ka bar sunana da wannan rubutun a jikin abin da ka fitar. Iyakar abin da suke nema ke nan. Shi ya sa idan ka tona can cikin manhajojin da ke wayarka za ka tarar da wani shafi mai tsawo da ba wanda ke karantawa. Na yi mana namu tun da wuri, na sa masa suna Godiya, na ci gaba da aiki.

Ranar da muka kai manhajar gwaji ƙauyen Zungur, kunyata ni ta yi a gaban mutane. Malamin gona ya rubuta yau an yi feshi, mu dawo gari, sai ta goge ta maido da maganar makon jiya. Na kwana biyu ina bin abin kafin na gane. Wayoyin ne ba su san ranar da suke ciki ba. Waya ta mutu, ta wuni ta kwana a mace, a kai wa mai caji, a cire batir a mayar, ta farfaɗo tana zaton har yanzu shekarar da aka ƙera ta ake ciki. Shi kuwa gutsuren da ke haɗa mana bayanan, agogon waya yake tambaya wanne ne sabo wanne ne tsoho, kuma duk abin da agogon ya faɗa masa ya yarda.

Mutum ɗaya ne ya rubuta wannan gutsuren. Na aika masa da imel ba don ina sa ran amsa ba, sai don in samu abin faɗa wa Kawu idan ya tambaya. Ga mamakina ya amsa. Ashe dattijo ne ɗan fansho a wata ƙasa mai sanyi a Turai. Ya ce tun da yake bai taɓa kawowa a ransa akwai wayar da ba ta san kwanan wata ba, kuma maimakon abin ya ba shi haushi sai ya ba shi sha'awa. Ya yi ta jero mini tambayoyi: yaya ake cajin, wa ke riƙe wayar, me ake shukawa a wurin. Daga nan ya warware wancan ɓangaren gaba ɗaya ya sake rubuta shi yadda ba ruwansa da agogo. Ya turo, in hau keke zuwa tasha in nufi Zungur in gwada, in dawo in gaya masa inda ya karye, ya sake turowa. Haka muka yi ta yi har damina ta yi nisa. Ranar da abin ya zauna daram, a gindin wata ɗorawa nake tsaye da malaman gona, sai da na ji ƙwalla a idona, kuma ban ɓoye ba.

Mu a nan ba a barin mutum haka. Na tambaye shi me zan aika masa, ko hula, ko kilishi, ko zumar da ake kawowa daga ƙauye. Ya ce ba ya buƙatar komai, in dai bar sunansa inda lasisi ya ce a bar shi. Sai kuma ya ƙara wata magana da ta zauna mini a rai. Ya ce matarsa ta daɗe tana yi masa tsiya, wai ya yi ritaya ya koma yi wa mutanen da bai sani ba aiki a banza, ba ta taɓa ganin inda aikin ya je ba. Idan manhajar ta fito yana so ya miƙa mata waya ta ga sunansa a cikin abin da manoma ke amfani da shi a wata ƙasa. Na ce masa wannan ai ƙaramin abu ne, ya ɗauka an gama. Na yi masa alkawari da bakina, har na maimaita.

Kawu bai san da shafin ba sai da aka fara shirin bikin ƙaddamarwa. Ya riga ya zagaya gari yana shaida wa duk mai kunne cewa 'ya'yan Bauchi ne suka ƙera manhajar tun daga farko har ƙarshe. Wata safiya yana latse-latsen wayar gwaji, yatsansa ya kai shi Godiya. Ya gyara tabarau ya kira ni. Ya nuna sunan farko ya ce wannan ɗan waye. Na ce ban san ubansa ba. Ya ce a wace ma'aikata yake. Na ce ban sani ba. Ya gangara ya tarar da wani da bai ma sa sunansa na yanka ba, sunan wata dabba ya laƙaba wa kansa da lambobi a wutsiya. Kawu ya kalle ni kallon wanda ya kawo 'yan iska cikin gida. Babu Alhaji, babu Dakta, babu Injiniya, babu ko Malam a cikinsu, amma ga su jere a cikin kayansa.

Na yi masa bayanin lasisi dalla-dalla, cikin ladabi, da Yallaɓai a farkon kowace jimla. Ya saurara, don Kawu yana da sauraro idan yana shirya amsa.

"Kyauta suka bayar ko sayarwa suka yi?"

"Kyauta, Yallaɓai."

"To kyautar da ake bin ta da sharaɗi wace irin kyauta ce? Ka ba mutum abu, ka ce sai ya riƙa faɗar sunanka? Wannan ai riya ce. Idan muka ɓoye sunayensu, taimakonsu muka yi, ladansu ya cika."

Mai wannan wa'azin shi ne ya haƙa rijiyar burtsatse a unguwar Tirwun, ya sa aka rubuta sunansa a jikin tankin da jan fenti, da Alhajinsa da lambar wayarsa, tun daga bakin titi kana karantawa ko ba ka da tabarau. Maganar ta zo mini har leɓe. Na haɗiye ta, don ƙanen uwa ne, kuma ƙarshen wata ya kusa.

Da a nan aka tsaya da da sauƙi. Amma ina tsaye a gabansa na ga fuskarsa ta sauya, irin sauyin da take yi idan ya hango ciniki. Ya tambaye ni ko wannan shafin zai shiga wayar duk wanda ya sauke manhajar. Na ce ƙwarai. Ya ce kuma ba ya yagewa, ruwa ba ya jiƙa shi, ba a nannaɗe ƙosai da shi kamar takardar gayyata. Na ce haka ne. Ya yi murmushi. A ranar Kawu ya gano cewa yana da fili, kuma filin ba ya buƙatar takardar mallaka.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari cewa ana sa sunan mutane a cikin waya. Matattakalar ofishinmu ba ta taɓa shan takalma masu tsada irin na lokacin ba. Uban taro ya shiga, wani tsohon babban sakatare ne da ya yi ritaya amma bai gaya wa muryarsa ba. Babban mai ƙaddamarwa ya shiga, da mataimakinsa. Surukan Kawu suka shiga, na gidan farko da na biyu. Mai gidan da muke haya ya shiga, da wanda zai ba da aron kujeru, da wanda ya yi alkawarin zai yi magana da wani da zai yi magana da wani. Wani bawan Allah ya aiko direbansa musamman ya ce an manta da sarautarsa, kuma a tabbatar ta zo kafin digirinsa ba bayansa ba. Alhazai biyu da suka daɗe ba sa ga maciji kowa ya ce shi ne zai zo a sama, Kawu ya wuni yana waya yana rantsuwa, daga ƙarshe aka raba su da sunan wani limami a tsakiya. Madam ce ke shigar da sunayen, ta goge ta sake, ta goge ta sake, har ta haddace sarautun gari fiye da ni da aka haifa a cikin ganuwa. A cikin mutanen nan kaf babu wanda ya taɓa tambayar me manhajar take yi.

Ni ban yi faɗa a kan wannan ba. Na ce wa Kawu ya zuba duk wanda ya ga dama, ya sa su a sama, shafin ba shi da ƙasa balle ya cika. Abu ɗaya na roƙa, a bar masu lasisi a ƙarƙashi, yadda suke, kada a taɓa ko harafi. Na ba shi labarin dattijon da agogo da matarsa. Ya girgiza kai ya ce Allah sarki, akwai mutanen kirki a ko'ina. Sai ya ce za a duba. Ni da na tashi a gidansu na san abin da za a duba take nufi a bakin Kawu, amma ranar kunnena ya zaɓi ya ji abin da yake so. Na tattara na tafi Zungur koya wa malaman gona aiki da manhajar, na bar Madam ta ƙarasa gyaran rubutu ta saki fitowar ƙarshe ta manhajar, don na riga na nuna mata yadda ake yi.

An ce taro da safe ne, aka fara bayan azahar. Ɗakin ya cika da manyan riguna da ƙamshin turare, an jera ruwan roba a babban tebur, ruwan leda ga sauran jama'a. Malaman gona, waɗanda don su aka yi abin, suna can baya kusa da ƙofa inda fanka ba ta kaiwa. Kawu ya yi jawabi, ya ce ko allura ba mu aro daga waje ba, aka tafa. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Daga nan sanƙiran taro ya ce yanzu za a nuna wa jama'a wani abin tarihi, aka haska shafin Godiya a bango, ya fara karantawa da ƙarfi, suna bayan suna, kowa da kirarinsa. Duk wanda aka kira sai ya ɗan ɗaga daga kujera ya ɗaga hannu, aka tafa masa kamar shi ya kwana yana rubuta kod. Har ni aka kira. An sa mini Injiniya, abin da ban taɓa zama ba, an kuma rubuta cewa ni ne na ƙera manhajar da hannuna daga farko har ƙarshe. Na miƙe don idanu sun yi mini yawa, na zauna ina jiran a gangara ƙasa.

Aka gangara, sai ga shafin ya ƙare. Inda sunayen masu lasisi suke da, layi uku ne a wurin, sanƙira ya karanta su da muryar rufe taro: "Da duk waɗanda suka taimaka ta kowace hanya, na kusa da na nesa, waɗanda ba mu samu damar ambaton sunayensu ba. Ba mantawa muka yi ba, wuri ne ya yi kaɗan. Allah ya saka wa kowa da alheri." Ɗaki ya amsa da amin. Aka fara rabon masa da miya a robobi, kuma ban taɓa ganin masar Bauchi na ji ba na sha'awarta ba sai ranar.

A bakin ƙofa na tare Madam. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma ɓoye komai ba. Ta ce ranar da na tafi Zungur uban taro ya zo ofis ganin sunansa. Ya gan shi a sama, ya ji daɗi, amma babban yatsansa bai tsaya ba, ya ci gaba da turawa har ya isa wurin baƙin. Nan ya ga shi layi ɗaya aka ba shi, amma wani mai sunan dabba an ba shi rubutu cike da fuskar waya, rabinsa ma da manyan baƙaƙe. Mutumin nan ya iya Turanci, ya yi shekaru yana sa hannu a kan Turanci. Da ya karanta da ya ga manyan baƙaƙen ba kirari ba ne, cewa suke idan abin ya lalace kada ka neme ni. Amma bai karanta ba, tsawo ya auna. Ya ajiye wayar ya ce wa Kawu ashe akwai waɗanda suka fi shi a wannan taron, to a kira su su zauna a kujerarsa.

"Malam, ni an ce in cire, na cire," in ji Madam. "Na faɗa wa Yallaɓai za ka yi fushi. Ya ce kai ɗansa ne."

Washegari na shiga wurin Kawu ban ce Yallaɓai ba, kuma wannan karon ya ji. Na gaya masa abin da muka yi karya sharaɗi ne, cin amana ne, kuma ya sa sunana a kan aikin wasu ya mayar da ni ɓarawo a gaban mutumin da ya yi mini alheri. Shi kuwa ko a jikinsa, yana ɓare goro.

"An gode musu mana. Ba ka ga layin ƙarshe ba? Har da na nesa na sa aka rubuta, don su. Ni kaina taro nawa aka jefa ni cikin da sauransu, na mutu?"

Na ce wannan ba jawabin biki ba ne, lasisi ne, suna ya ce a rubuta. Ya tambaye ni ko dattijon zai zo Bauchi. Na ce a'a. Ko yana da wani a Abuja. Na ce ban jin yana da shi. Ko ya san wani da ya san uban taro. Ya watsa hannu, ya jefa goro a baki. A lissafin Kawu haƙƙin mutum yana da nauyi ne gwargwadon yadda zai iya tare ka a ɗaurin aure ya ƙi ba ka hannu. Wanda ba za ku taɓa haɗuwa a ko'ina ba, addu'a ta ishe shi.

Na ce to ni zan mayar da shafin da hannuna. Na koma teburina na tarar an sauya kalmar sirrin da ake sakin manhaja da ita. Wannan kam Kawu ya koya, ban san wa ya koya masa ba. Kafin la'asar mahaifiyata ta kira ni, ta ce ta ji ina ɗaga wa ƙanenta murya a kan wani Bature da ko ganinsa ban taɓa yi ba, shin shi Baturen ne ya yi mini hidimar makaranta. Na ce a'a. Ta ce to. Na yi tunanin ajiye aikin, na yi tunanin malaman gona da suka fara sabawa da manhajar, na yi tunanin komawa gyaran kwamfutar ɗalibai. Na zauna ina cewa zan lallaɓa Kawu a hankali, bayan ƙurar biki ta kwanta, kafin dattijon ya ji an saki manhajar.

Bai jira na gaya masa ba. Ashe yana bibiya, ya sauke ta da kansa. Wata ranar kasuwa da hantsi ina ofis sai ga saƙonsa, har da hoto: shi da matarsa a teburin cin abinci, tsofaffi biyu masu furfura, ta riƙe wayar tana kallonta ta saman tabarau. Ya ce manhajar ta yi kyau, ya taya ni murna. Ya ce yana jin ya gano shafin, duk da da harshenmu yake, kuma ya lura mutanenmu ba sa rowar godiya, tunda bai taɓa ganin sunaye masu yawa haka a manhaja ɗaya ba. Ya ga sunana, ya nuna mata. Nasa ne bai gani ba, amma ya san wataƙila a harshenmu wani iri ake rubuta shi. Sai ya tambaya, wane layi ne zai nuna mata.

Na daɗe a gaban kwamfutar. Na fara rubuta cewa kuskure ne na fasaha, na goge. Na rubuta cewa za a gyara a fitowa ta gaba, na tuna kalmar sirrin ba ta hannuna, na goge. Har wata dabara ta zo mini mai kyawun gaske: in ce masa a garinmu wanda ake jin nauyinsa ba a kiran sunansa, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, mace ba ta kiran na mijinta. Gaskiya ce, kuma na san zai ji daɗinta, matarsa ma za ta ji. Na karanta abin da na rubuta na ji kamar Kawu ne ya ari hannuna. Na goge. Daga ƙarshe na kwafo layukan nan uku na fassara masa su kalma bayan kalma, na ce nan aka sa shi. Na gaya masa wanda ya cire sunan da dalilin cirewar, da cewa na yi alkawari ban iya cikawa ba, kuma ban san ranar da zan iya ba. Na tura kafin wata dabarar ta sake zuwa.

Amsarsa gajera ce. Ya gode da na faɗa masa gaskiya. Ya ce ba zai ɗauki wani mataki ba, manoma su ci gaba da amfani da abin, don su aka yi. Ya ce ba sai ya yi wa matarsa bayani ba, tana tsaye a bayansa lokacin da ya buɗe saƙon, tare suka karanta, tunda tare suke jira. Ba ta yi masa tsiya ba. Ya ce da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Na ɗauki kwamfutar na shiga wurin Kawu. Na nuna masa hoton tsofaffin, na karanta masa saƙon farko da na biyu, na fassara a hankali ban tsallake komai ba, har wurin matar. Ya ajiye wayarsa ya saurara har ƙarshe, abin da ba ya yawan yi. Ya sake kallon hoton, ya gyaɗa kai.

"Ka gani ko?" ya ce. "Mutumin kirki ne. Ai na faɗa maka ba zai yi rigima ba."